HOTON GAWAR YARO: ABIN DA INGILA TA KOYA WAJEN NEMAN SANADIN MUTUWA

Babu tambayar da ta fi nauyi a bakin uwa kamar ta ce, me ya kashe mini ɗa? Jariri ya sha nono da dare, ya yi barci lafiya lau, gari ya waye a tarar rai ya yi halinsa. Ko kuwa mace ta yi wata tara tana ɗauke da ciki, ranar haihuwa ɗan ya zo ba rai. Mun sani ajali ba ya wuce lokacinsa, amma ko wane ajali da sanadinsa, sanin sanadin nan kuwa yana da amfani ƙwarai. Da shi a ke gane ciwon gado tun bai taɓa ƙanen mamacin ba, da shi a ke gane annoba tun tana ƙarama. Da shi a ke wanke uwar da a ke zargi a banza, da shi kuma a ke kama mugun da ya karya jariri ya ce faɗuwa ya yi.

Tun da daɗewa hanyar da likitoci su ke bi don amsa wannan tambaya ita ce buɗe gawa, a duba kayan ciki da ƙwaƙwalwa, a yanki 'yar tsoka a sa a madubin likita. Iyaye da yawa ba su yarda da haka, nan ƙasar da sauran ƙasashe, ba kuwa za mu ga laifinsu ba. Sabo da haka likitoci suka shiga neman wata dabara, watau a sa gawar yaron cikin na'urar ɗaukar hoto irin wadda a ke sa masu rai, a ga cikinsa ba tare da an tsaga fata ba. Wanda ya ji labarin daga nesa sai ya ce ai abin mai sauƙi ne, a sayi na'ura, a sa gawa, a karanta amsa. To, mun ga ya kamata mu ba masu karatu labarin yadda al'amarin ya gudana a Ingila, inda aka daɗe ana gwada wannan aiki a kan gawar yara, domin a ga cewa kowa ya sayi doki, da sauran sirdi da linzami da harawa a gabansa.

ABIN DA YA KAWO MAGANAR

Abubuwa uku ne suka tura mutanen Ingila kan wannan hanya. Na fari, a shekarar 1999 asiri ya tonu cewa a asibitin yara na Alder Hey da ke birnin Libaful an yi shekaru ana cire zuciya da sauran sassan jikin yaran da suka mutu ana ajiyewa, iyayensu ba su sani ba. Waɗansu iyayen sai da suka sake yin jana'iza sau biyu ko sau uku, sa'ad da aka riƙa mayar musu da sassan 'ya'yansu. Gwamnati ta sa aka yi bincike, rahoto ya fito a watan Janairu na 2001, sa'an nan a 2004 majalisar dokoki ta yi dokar da ta hana ajiye sassan jikin mamaci don koyarwa ko nazari sai da yardar danginsa. Amma tsoro ya riga ya shiga zukata, iyaye suka ƙara gudun a buɗe gawar 'ya'yansu.

Na biyu shi ne shari'ar wata lauya mai suna Sally Clark. 'Ya'yanta maza biyu sun mutu suna jarirai, ɗaya a 1996, ɗaya a 1998. A 1999 kotu ta yanke mata ɗaurin rai da rai bisa zargin ita ta kashe su, bayan wani babban likita ya shaida cewa yiwuwar yara biyu su mutu haka kurum cikin gida irin nata ɗaya ce cikin miliyan 73. Masana lissafi suka ce wannan ƙidaya kuskure ce. Daga baya kuma aka gano akwai sakamakon wani gwaji da ya nuna ƙwayoyin cuta a jikin ɗan na biyu, ba a kuwa nuna wa kotu shi ba. A watan Janairu na 2003 kotun ɗaukaka ƙara ta sake ta, bayan ta yi fiye da shekara uku a kurkuku. Ba ta ƙara samun kanta ba har ta rasu a 2007. Wannan shari'a da waɗansu irinta suka sa aka kafa kwamiti a ƙarƙashin Helena Kennedy, wanda a 2004 ya tsara yadda za a riƙa binciken mutuwar jariri ta farat ɗaya, aka sake gyara tsarin a 2016. Cikin abubuwan da aka tsayar har da cewa likita da ɗan sanda su yi aiki tare, a ji tarihin yaron, a duba wurin da ya mutu, a kuma ɗauki hoton ƙasusuwansa duka kafin a buɗe gawar, gwanin hoton yara ya karanta.

Na uku kuwa addini ne. Yahudawa da Musulmi sun yi tarayya wajen son gaggauta binne mamaci da ƙin tsaga jikinsa. A Ingila kuwa akwai alƙalin binciken mutuwa, wanda doka ta ba ikon sa a buɗe gawar duk wanda ya mutu ba a san sanadi ba, ko dangi sun so ko sun ƙi. Sabo da haka a 1997 Yahudawan birnin Mancesta suka haɗa kai da waɗansu likitocin hoto aka fara sa gawa cikin na'ura a maimakon buɗewa, daga baya Musulmi su ma suka shiga. Yawancin gawawwakin nan na manya ne. A wajen shekarar 2000 likitocin jami'ar Bern a ƙasar Suwizalan suka kafa nazari mai zurfi a kan wannan fanni, a 2005 kuma cibiyar binciken gawa ta birnin Melbon a Ostareliya ta kafa na'ura cikin mutuware kanta. Amma yaro ba ƙaramin babba ba ne, abin da aka koya a jikin manya bai wadatar ba.

NA'URORIN DA ABIN DA KO WACE KE GANI

Mafi tsufa cikinsu ita ce eksire, watau hoton ƙashi da kowa ya sani, wanda Bajamushe Röntgen ya gano haskensa a 1895. A 1946 wani likitan hoto na Amurka, John Caffey, ya lura da jarirai masu jini kwance cikin ƙoƙon kai tare da karaya a dogayen ƙasusuwa, daga nan aka fara fahimtar cewa hoto yana iya tona asirin cin zalin yaro. A yau in za a yi wa jariri cikakken hoton ƙashi a kan ɗauki hotuna fiye da 20, ko wace gaɓa da nata. Abin da a ke nema shi ne karayar haƙarƙari ta baya kusa da ƙashin gadon baya, wadda matsar ƙirji da ƙarfi ke kawowa, da 'yar tsaga a bakin dogon ƙashi inda ya ke girma, wadda fizga ko murɗawa ke kawowa. Ƙashin da ya fara warkewa kuma yana yin tsiro, da shi a ke gane tsohuwar karaya da sabuwa.

Ta biyu ita ce wadda likitoci ke kira CT, wadda Godfrey Hounsfield ya ƙera, aka fara sa majinyaci cikinta a Landan a 1971. Ita tana kewaya jiki da hasken eksire, ta fito da shi falle-falle kamar shafukan littafi, cikin 'yan mintoci. Gwana ce wajen ƙashi, da jinin da ya kwanta cikin kai, da iskar da ta shiga inda bai kamata ba. Wani nazari da aka buga a 2018 a kan gawar yara a Landan ya nuna tana ganin karayar haƙarƙari wadda eksire ke tsallakewa. Rauninta shi ne nama. Jariri ba shi da kitse mai yawa tsakanin kayan cikinsa, sabo da haka hanta da hanji da zuciya su kan fito kusan launi ɗaya.

Ta uku ita ce na'urar maganaɗisu, wadda a ke kira MRI. Ita ce gwanar nama, musamman ƙwaƙwalwa. Ƙwaƙwalwar ɗan tayi ruwa-ruwa ta ke kamar kindirmo, in an buɗe kai sai ta nemi wargajewa, har sai an jiƙa ta cikin magani kwanaki ta yi tauri kafin a iya yankawa. Na'urar maganaɗisu kuwa tana nuna ta daram a mazauninta. Amma ɗaukar hoton gawa ɗaya da ita ya kan ci kusan awa guda, ga tsada, ga shi tana bukatar wutar lantarki ba yankewa da iskar hiliyam mai sanyaya ta. In kuma ɗan tayin bai kai nauyin giram 500 ba, hotonsa ba ya fita sosai. Domin irin waɗannan ne likitocin asibitin yara na Great Ormond Street a Landan suka koma ga wata 'yar na'urar falle-falle mai ganin abu ƙanƙane ƙwarai, sai dai tilas a jiƙa ɗan tayin cikin ruwan aidin kwanaki kafin a ɗauka. Akwai kuma sikanin irin wanda a ke yi wa mata masu juna biyu, shi ya fi araha, ana kuma iya tura shi har mutuware, amma amfaninsa ya rataya ga gwanintar hannun mai riƙe da shi.

GAWA BA MAJINYACI BA CE

Wahala ta fari da aka ci karo da ita ba a na'ura ta ke ba, a idon mai karatu ta ke. Likitan hoto ya yi shekaru yana koyon yadda cikin mai rai ya ke, to, da zarar numfashi ya tsaya sai jiki ya fara sake kama. Jini ba ya gudu, sai ya gangara ya kwanta a gefen da ke ƙasa, ya rabu biyu cikin manyan jijiyoyi da zuciya, mai kauri a ƙasa, mai ruwa a sama. Wanda bai saba ba sai ya ce gudan jini ne ya toshe jijiya. Huhu ya kan saki iskarsa ya jiƙe da ruwa, ya yi fari a hoto, daidai da kamar huhun mai ciwon namoniya. Ƙwaƙwalwa ta kan kumbura bayan mutuwa, sai a zaci kumburin ne ya yi kisan. Ƙwayoyin da ke cikin hanji su kan fara aikinsu su haifar da iska, ta bi jijiyoyi ta shiga hanta. Har sanyin firjin mutuware, wanda a kan tsayar wajen digiri 4, yana sauya yadda nama ke fita a na'urar maganaɗisu.

Har wa yau akwai abin da masu ceton rai su ke bari a jiki. In an kawo jariri asibiti ba ya numfashi, likitoci su kan danna ƙirjinsa, su zura bututu a maƙogwaro, su huda ƙashin ƙwauri don ɗura ruwa. Dannar ƙirjin nan tana iya tsaga haƙarƙari ta gaba ko ta gefe. In mai karanta hoto bai san an yi ta ba, ko bai iya rarrabe ta da karayar mugunta ba, sai a wayi gari an tsare uba a kan aikin da likita ya yi da kyakkyawar niyya. In kuma ya yi sakaci ya ɗora ko wace karaya a kan ceton rai, sai mugu ya tsira ya koma gida inda sauran yara su ke. Ko wane gefe aka karkata akwai rai a ciki.

Ga masu rai, likita ya kan ɗura wani ruwa cikin jijiya, zuciya ta kai shi ko'ina, ya haska hanyoyin jini a hoto. Gawa ba ta da zuciya mai bugawa. Ga manya an sami dabarar tura ruwan da famfo, an kuma gwada hura wa huhu iska kafin a ɗauki hoto don ya buɗe. Amma jijiyar jariri siririya ce, aikin yana son hannu mai taushi da kayan da ba ko wane asibiti ke da su ba. Gwanintar nan duka ba a samunta daga littafi kaɗai. Sai mutum ya karanta hotuna masu yawa, ya kuma je ya ga abin da aka tarar sa'ad da aka buɗe gawar, ya gwada da abin da ya faɗa. Ga shi kuwa mutuwar yara ta farat ɗaya ba ta da yawa a Ingila, asibitin ƙaramin gari ba zai ga isassu ba balle likitansa ya goge.

ABIN DA HOTO BA YA GANI

Sai an gwada a kan san na ƙwarai. Daga 2007 zuwa 2011 likitocin Great Ormond Street da na asibitin University College a Landan suka yi babban gwaji, aka buga sakamakonsa a mujallar likitoci ta Lancet a 2013, da sunan Sudhin Thayyil a kan gaba. Sun ɗauki gawa 400, daga 'yan tayi har yara 'yan shekara 16. Ko wace an sa ta cikin na'urar maganaɗisu, aka haɗa hoton da tarihin ciwo, da duban jiki daga waje, da gwajin jini, da duban mabiyiya in ɗan tayi ne. Sa'an nan aka buɗe gawar yadda aka saba, ba tare da masu karanta hoton sun san abin da aka tarar ba.

Cikin 400 ɗin nan hanyoyin biyu sun yi daidai a 357. Ga 'yan tayi dacewar ta kai wajen 95 cikin 100. Amma ga yaran da suka wuce shekara ɗaya, 15 kaɗai cikin 28 aka dace. Dalili kuwa shi ne, abin da ya fi kashe ɗan tayi, kamar nakasar halitta a ƙwaƙwalwa ko zuciya ko ƙoda, ko lalacewar mabiyiya, abu ne mai siffa wanda ido ke gani. Abin da ya fi kashe yaron da ya tasa kuwa ƙwayoyin cuta ne, namoniya, da kumburin tsokar zuciya, da cutar da ta bazu cikin jini. Waɗannan sai an ɗebi tsoka an sa a madubin likita, ko an shuka jini a ɗakin gwaje-gwaje. Masu karatu za su tuna cewa abin da ya fid da Sally Clark daga kurkuku gwajin ƙwayoyin cuta ne, wanda ba na'urar hoton da za ta nuna shi. Haka kuma guba ba ta fita a hoto, ciwon gado na sarrafa abinci a jiki ma ba ya fita.

Akwai wani abin lura cikin gwajin nan. A gawa 165 likitan hoto da likitan gawa sun zauna tare tun kafin a buɗe, suka ce wannan kam hoto da sauran gwaje-gwaje sun isa. Da aka buɗe, a guda ɗaya tak aka sami saɓani. Ashe babban amfanin hoto shi ne tankaɗe, watau ya ware gawar da za a iya sallama ba a taɓa ta ba daga wadda tilas a ƙara bincike. Ko a nan ma an sami tsaka-tsaki. Ana iya bin jagorar sikanin a soka allura a ɗebo 'yar tsoka daga huhu da hanta da zuciya, ko a yi 'yar kafa wadda ba ta fi faɗin yatsa ba a zura bututu mai kyamara. Jiki ya kan koma ga iyaye kusan yadda suka kawo shi. Wani nazari da aka buga a 2018, inda aka tattauna da malaman Musulmi da na Yahudawa da iyaye a Ingila, ya nuna sun fi karɓar hoto nesa ba kusa ba bisa buɗe gawa.

LOKACI DA WURI DA MA'AIKATA

Yawancin asibitoci ba su da na'urar da aka keɓe wa matattu. Wadda ke akwai ta masu rai ce, ga layin masu ciwon daji da masu shanyewar jiki suna jira. Ba mai hankalin da zai ce a ta da mai rai a kwantar da gawa. Sabo da haka sai da dare ko da asuba a kan yi aikin, kafin majinyata su zo. Wannan yana nufin a sami ma'aikacin mutuware da zai fito da gawar, da mai tura gado da zai bi da ita ta hanyar da ba za a yi kaciɓis da masu jinya ba, da mai ɗaukar hoto da zai zauna bayan an tashi aiki. Tilas a naɗe gawar cikin jakar da ba ta yoyo ba ta kuma da ƙarfe, gama maganaɗisu yana fizgar ƙarfe, a kuma wanke ɗakin sarai kafin safiya. In mutum ɗaya cikin jerin nan bai zo ba, aikin ya kwana.

Ba kuma ko wane ma'aikaci ke iya jure wa ba. Mai ɗaukar hoto ya koyi sana'arsa don masu rai, wataƙila yana da jariri a gida tsaran wanda aka shimfiɗa masa. Asibitocin da suka daɗe cikin aikin sun koyi cewa gara a nemi masu sa kai, a horar da su, a kuma ba su wanda za su faɗa wa damuwarsu.

Ƙarancin gwanaye ya fi kome tsanani. Likitocin binciken gawar yara kaɗan ne a ƙasar duka. A farkon 2019 Ailan ta Arewa ta rasa mai yin wannan aiki, har aka koma ɗaukar gawar jarirai ana ƙetare teku da su zuwa Libaful, asibitin nan na Alder Hey da muka ambata. Likitocin hoton yara su ma ba su da yawa, waɗanda suka goge da hoton gawa cikinsu kuwa ba su fi a ƙidaya ba. A nan hoto yana da wata falala. Ana iya ɗaukarsa a garin da yaro ya mutu a aika wa gwani ta intanet, gawa tana nan kusa da iyayenta. Amma wannan sai in asibitoci sun yarda da tsari ɗaya na ɗauka, in ba haka ba gwani zai karɓi hotunan da ba su karantuwa.

WA ZAI BIYA, WA ZAI YARDA

Kuɗi ma sun kawo tasu gardama. Alƙalin binciken mutuwa daga asusun ƙaramar hukuma ya ke aiki, asibiti kuwa daga asusun hukumar lafiya ta ƙasa, wadda aka kafa don masu rai. Ko wane ɓangare yana iya cewa nauyin na ɗaya ne. A wurare da dama dangin babban mutum da suka nemi a yi hoto a maimakon buɗewa su suka riƙa biya daga aljihunsu, watau mai hali ya binne nasa ba tsaga, talaka kuwa ya haƙura. Ga yara kuma hoto sau da yawa ƙari ne a kan buɗe gawa, sabo da haka mai riƙe da asusu ba ya ganin rangwame.

Wajen doka, dokar 2009 ta ba alƙalin binciken mutuwa ikon zaɓar irin binciken da za a yi, har da hoto. Amma jagorar da shugaban alƙalan nan ya fitar a 2013 ta manya ce. Inda a ke zargin an kashe yaro kuwa, hoto ba ya maye gurbin buɗe gawa, gama kotu tana son a duba ƙashin da ya karye a madubin likita a kimanta kwanakinsa. Duk da haka hoto ya kawo abin da ba a da shi dā. Gawa in an binne ta shi ke nan, amma hoto yana nan ajiye, bayan shekara goma lauyan wanda a ke tuhuma yana iya kai shi ga wani gwani ya sake dubawa.

Wajibi ne kuma a gaya wa iyaye gaskiya tun da fari. In an ce musu na'ura za ta ba da amsa, sa'an nan aka dawo aka ce sai an buɗe, sun sha baƙin ciki sau biyu. Akwai kuma jariran da ko an yi hoto, an buɗe, an gwada kome, ba a samun sanadi. Tun 2008 doka ta wajabta a Ingila a zauna a duba mutuwar ko wane yaro, a 2019 kuma aka buɗe rumbun ajiye bayanan nan na ƙasa duka a jami'ar Bristol, domin abin da gawa ɗaya ba ta nuna ba, dubu in an jera su su nuna.

INA MU KE CIKI

Halinmu ya bambanta da na Ingila. Ƙidayar lafiya ta ƙasa ta 2018 ta nuna cikin yara 1,000 da aka haifa a Nijeriya, 132 ba su kai shekara biyar ba. Da yawansu a gida su ke mutuwa, a yi musu sutura a ranar. Abin da ya fi kashe su kuwa, zazzaɓin cizon sauro da namoniya da gudawa da tamowa, shi ne ainihin irin abin da hoto ba ya gani sosai. A 2010, sa'ad da yara wajen 400 suka mutu a ƙauyukan Zamfara inda a ke niƙa dutsen zinariya cikin gidaje, gwajin jini ne ya nuna gubar dalma ce. Hukumar ƙidaya ta ƙasa a 2014 da 2019 ta bi gida-gida tana tambayar iyaye alamun ciwon da ya kashe 'ya'yansu, wannan kuwa kintace ne mai amfani, amma ba gani ba ne.

Akwai wani shiri mai suna CHAMPS da aka fara a 2015 da kuɗin gidauniyar Gates, wanda ke aiki a Mali da Saliyo da Habasha da Kenya da Mozambik da Afirka ta Kudu da Bangaladash, daga baya aka ƙara Pakistan da Nijeriya, a jihohin Bauci da Kuros Riba. Su allura su ke amfani da ita, su ɗebi tsoka da jini cikin sa'o'i kaɗan bayan mutuwa da yardar iyaye, a yi jana'iza, daga baya a koma a gaya wa iyayen abin da aka gano. Kafin su fara a ko'ina su kan zauna da limamai da masu unguwanni.

A ganinmu, duk asibitin koyarwa ko gwamnatin jihar da ke tunanin kafa wannan aiki, kada ta fara da odar na'ura mai tsada. Ta fara da abin da ke hannu. Eksire yana nan a manyan asibitocinmu, cikakken hoton ƙashin jaririn da ya mutu ba a san dalili ba bai fi aikin awa guda ba, ba ya kuma hana a binne shi a ranar. A tura likitan hoto ɗaya ko biyu su koyi karatun hoton gawa, a haɗa su da likitan gawa su riƙa gwada abin da suka faɗa da abin da aka tarar. A zauna da 'yan sanda da alƙalai da malamai a rubuta wa zai nema, wa zai biya, awa nawa za a riƙe gawa, wa zai gaya wa iyaye sakamako. A haɗa hoton da allura da gwajin jini da tarihin yaro, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kada kuma a taɓa hana mai rai lokacinsa na na'ura sabo da mamaci.

Rashin sani ya fi dare duhu. Uwar da aka gaya wa abin da ya kashe ɗanta ba za ta daina kuka ba, amma za ta daina zargin kanta da kishiyarta da maƙwabciyarta, za ta kuma san abin da za ta tsare wa na bayansa. Allah ya ji ƙan waɗanda suka riga mu, ya raya mana waɗanda suka rage.